Saƙon da Ya Kashe Babana da Ransa

Akwai wata safiyar Litinin da ba na jin zan manta da ita har ƙarshen rayuwata. Ranar ce na kashe mahaifina da kalmomi biyar na Turanci, alhali yana kwance a gabana yana sharar barcinsa.

Lokacin ban fi wata huɗu da fara aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a Abuja ba. Rubuta wasiƙu ne aikina, kuma ogana ya taɓa yaba Turancina a gaban mutane, sai abin ya hau mini kai. Na daina rubuta kalma mai sauƙi muddin akwai mai nauyi. Ina da wani ɗan littafi da ya jera kalmomi masu kusancin ma'ana, sai in duba in zaɓi wadda ta fi daɗi a kunne. A wautata, duk waɗanda aka jera a layi ɗaya, ɗaya suke.

Babanmu tsohon malamin Turanci ne da ya yi ritaya, suna zaune a Nyanya shi da Umma. Zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi, aka ba shi gado a wani ƙaramin asibiti kusa da kasuwar Gudu. Kwana uku bai runtsa ba. Sai sambatu yake, yana fizge robar ƙarin ruwa, yana kiran ɗaliban da ya koyar tun kafin a haife ni. Umma ke kwana da shi, ni kuma in karɓe ta da safe ta koma gida ta huta, don ita ma hawan jini ya sa ta a gaba.

A rana ta huɗu, wajen ƙarfe tara, gumi ya karyo wa Baba. Jikinsa ya yi sanyi, numfashinsa ya daidaita, barci ya ɗauke shi. Nas ɗin da ke kula da shi, wata dattijuwa Bagwariya mai fara'a, ta taɓa goshinsa ta dube ni, ta yi magana da Hausarta mai sauya mace da namiji.

"Ka gani? Baba ta samu barci. Kashe ƙarar waya, kar kowa ya tashe ta."

Daɗi ya cika ni. Na ɗauko waya in yi wa Yayana albishir. Da farko na rubuta cewa Baba ya zama "calm", sai na ga kalmar ta yi wa farin cikina kaɗan. Na goge, na rubuta: "Baba is finally at peace." Na tura, na kashe ƙara, na jefa wayar a jaka. Na kifa kaina a gefen gadon, ni ma barci ya sace ni.

Abin da ya faru a waje, daga baya na ji shi. Saƙon ya sami Yaya a cikin cunkoson motocin Nyanya, yana hanyar ofis. Ya kira ni ya fi sau goma ban ɗauka ba, ya ɗauka kuka ne ya hana ni. Sai ya kira Baffanmu, ƙanen Baba da ke zaune a Uke, inda danginmu suke. Baffa ya sanar da liman, aka tura mutane maƙabarta da diga da shebur. Abu ɗaya Yaya ya ƙi yi, wato faɗa wa Umma ta waya. Matarsa ya tura ta je ta zauna da ita, ya ce kada ta ce komai sai ya ga gawa da idonsa. Ya ajiye motarsa a wani gidan mai, ya haye acaɓa.

Taɓa ni aka yi a kafaɗa na farka. Yaya ne tsaye, ba hula, idanunsa jawur. Ya ce, "Sai haƙuri, Auta. Ya yi kalmar shahada?"

Ban gane ba. Na ce, "Wa?"

Yaya ya wuce ni. Ya matsa kusa da gadon yana salati a hankali, ya miƙa hannu zai ja mayafi ya rufe fuskar Baba. Daidai nan Baba ya ja wani dogon munshari, ya juya ɗaya gefen.

Yaya ya zauna a ƙasa. Ya daɗe yana kallon cikin Baba yana hawa yana sauka. Sannan ya ciro wayarsa ya nuna mini saƙona.

"Me kika rubuta nan?"

"Cewa na yi ya samu natsuwa."

"Auta, ana haƙa kabari a Uke."

Sai a lokacin na karanta saƙon da idon wanda aka aika wa. Abin da ya fara zuwa mini shi ne Umma, domin labarin mutuwa ba ya zama wuri ɗaya. Muka fita baranda da sauri, Yaya ya kira matarsa. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake kira. A karo na uku ta ɗauka tana raɗa, ta ce Umma na barci tun da ta dawo, amma mata uku na unguwa sun iso da hijabansu, wata 'yar Uke ce ta buga musu waya, tana nan ta tare su a ƙofa. Yaya ya ce, "Sallame su. Baba na nan da ransa." Na jingina da bango na yi kukan da ban yi ba duk kwanakin jinyar.

Baffa kuwa ya riga ya taso. Da azahar ya iso riƙe da baƙar leda, ya leƙa ya ga yayansa, ya yi hamdala, ya tura ledar ƙarƙashin kujera da ƙafa. Ba wanda ya tambaye shi abin da ke ciki.

Bayan la'asar Baba ya farka garau, ya nemi koko. Ganin Baffa ya sa ya tambayi dalili, dole aka ba shi labari. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai ya ce a ba shi tabarau da wayar. Ya karanta, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Zo nan, Auta," in ji shi. "Nahawunki daidai ne, zaɓinki ne ya yi kisa. Kin ga 'quiet', shiru ne kawai, mai fushi ma yana yin sa. 'Calm' na abin da ya tashi ne ya lafa, kamar iska, kamar ni yau. 'Tranquil' na wuri ne, irin bakin rafin Uke da hantsi. 'Serene' kuwa ki dubi fuskar uwarki idan ta idar da salla. Da kin ce ina barci 'peacefully', ba mai ɗaga hankali. Amma 'at peace' haka tsurarta, har da 'finally' a gaba, Bature ya fi ajiye ta ga wanda ya gama shan wahalar duniya."

Ya miƙo mini wayar. "Me ya hana ki cewa Baba ya samu barci? Yayanki ba ya jin Hausa ne?"

Umma ba ta ji labarin ba sai bayan an sallamo shi. Ta dube shi yana cin tuwo, ta ƙara masa miya.

Baba ya ƙara shekaru masu albarka bayan nan, har ya ɗauki 'ya'yana a cinyarsa. Ni kuwa tun ranar na gane cewa kalmomi kan yi kama kamar 'yan gida ɗaya, amma kowace da inda ake aikenta. Yanzu kafin in tura saƙo, nakan tsaya in karanta shi kamar ni ce a tsakiyar titi, nesa da gida, hankalina a tashe. Idan akwai ta yadda zai tsorata ni, sai in goge in faɗi abin kai tsaye, da kalmar da ta fi sauƙi.