Rantsuwar da Yayana Ya Ƙi Yi

Matar yayana a gona aka kashe ta, da rana tsaka, lokacin girbin gero. Abinci ta kai masa gonarmu ta bakin rafi, wadda daga ita sai daji, shi kuma ya ɗan koma gida ɗauko igiya. 'Yan bindiga suka ɓullo a kan babura suna kora shanun da suka kwaso a wani ƙauye. Suka hango ta tana gudu da kwano a hannu, ɗaya daga cikinsu ya harbe ta a baya. Ba ta tare musu hanya ba, ba ta san ko ɗaya a cikinsu ba. Yaya da kansa ya saɓo ta a kafaɗa har gida, jininta ya jiƙa masa riga har wando.

Ni a Ungogo nake aure, ɗinki nake yi. Na je zaman makoki na dawo, sannan da bazara na sake komawa ƙauyenmu, can gefen Shanono, saboda ƙafafun Inna sun kumbura, ba mai yi mata girki. A nan na tarar Yaya ya daina salla. Ba ya zagin kowa, ba ya hana kowa yin tasa. Ladan zai kira, shi ko yana zaune a zaure yana ɗinke mangalar jaki, ko kai ba zai ɗaga ba. Garinmu kuwa katanga na jingine da katanga, gona na manne da gona. Idan mutum ya rasa sahu sau ɗaya, kafin la'asar mata sun ji a bakin rijiya.

Allah bai yi ni da haƙuri ba, kowa a gidanmu ya sani. Wata rana ina zuba masa kunu na kasa daurewa.

"Yaya, kai yanzu kafirta ka yi ko me?"

"Ban ce babu Shi ba," ya ce. "Ban sani ba ne kawai. Waɗanda suka ji ta sun ce tana gudu tana salati. Wanda ya harbe ta yana can yana cin nama."

"To ka yi sallar mana. In akwai hisabi ka tsira, in kuma babu, me ka rasa? Ɗan ruwan alwala?"

Ya dube ni ya ɗan murmusa, irin murmushin da yake min tun ina yarinya in na faɗi shirme da ƙarfi.

"Ke nan wayo zan yi Masa? In Yana nan, ai Yana ganin cikina. Sallar da na yi don gudun faɗuwa, kamar mai taya akuya a kasuwar Ɗambatta, ita zan kai Masa?"

Sai na yi abin da na saba, na ɗaga murya. Na ce masa ya ji kunya, na ce zai kashe Inna da baƙin ciki, na jefar da ludayin na shige ɗaki. Na yi kuka sosai a ranar, kuma rabin kukan na haushin ya fi ni magana ne.

Ana cikin haka aka sake kai hari, wannan karon a unguwar da ke gabas da mu. Suka kwashe shanun huɗa, suka harbe wani saurayi da ya yi musu gardama. Gari ya ɗau zafi. Kowa na cewa ba yadda za a yi baƙo ya san gidan da shanu suke in ba da ɗan gari ba, lallai akwai infoma, mai kai musu labari, a cikinmu. Samarin gari da suka haɗa kansu suna sintiri da gora da adda da bindigar gargajiya suka fara bin mutane da ido. Shugabansu ɗan maƙwabcinmu ne, ni na goye shi yana jariri har ya yi min fitsari a baya ba sau ɗaya ba. Saurayin da aka harbe abokinsa ne na ƙut da ƙut.

Sai wani ya ce ya sha ganin Yaya da sassafe yana nufar bakin rafi shi kaɗai, da wani ƙunshi a ƙarƙashin riga. Tun kisan matarsa ba wanda ke taka gonakin nan, an bar su ga ƙaya. Mutum ba ya salla, ba ya shiga jama'a, kuma yana zuwa inda kowa ke tsoro ya dawo lafiya. Wannan ya ishe su.

Da hantsi suka zo. Ina daka a tsakar gida na ji an doki ƙyauren zaure, na ji muryar Yaya ya ce, "Lafiya?" Daga nan sai ƙarar gora. Kafin in fito sun ja shi a ƙasa har gindin tsamiyar ƙofar gida. Wani na dukansa da gora a gadon baya, wani na taka masa wuya, wani yaro da ko gemu bai fara ba yana sarar ƙasa da adda dab da kunnensa yana cewa ya faɗi sunayen iyayen gidansa. An fasa masa goshi, jini ya rufe masa ido ɗaya.

Ban nemi mayafi ba. Da taɓaryar hannuna na fita, na sauke ta a kafaɗar wanda ke taka masa wuya, na ji ƙashi ya amsa, kuma har yau ban yi nadama ba. Wani ya maka min gindin bindiga a baki. Na faɗi, na tofar da haƙori da jini, na tashi na sake kutsawa, mata biyu suka riƙe ni ta baya.

"Me kake zuwa yi bakin rafi?" in ji ɗan maƙwabcinmu.

"Binne nake yi," Yaya ya ce.

Binne shi ne a shuka gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, mai binne ya riga kowa. In ya yi jinkiri, tururuwa da tsuntsaye da zafin rana su cinye irin. Kowane manomi a wurin ya san wannan, wasunsu ma sun yi a gonakinsu na bayan gida. Amma suka kwashe da dariya. Wa zai yi binne a inda aka kashe masa mata, inda ba wanda zai iya zuwa ya yi noma balle girbi? Ina sunguminsa? Wani ya zabga masa mari ya ce ƙarya yake yi.

Liman ya iso yana haki, tsoho ne, da sandarsa. Ya ɗaga hannu ya ce a dakata, ba a kashe rai a kan zato. Ya ce a bar shi ya rantse. Mutanen suka ɗan ja baya, don a garinmu rantsuwa tana raba gardama, an yi imani wanda ya yi ta a kan ƙarya ba zai ga damina ba. Na ji sanyi a raina. Magana ɗaya ce, kuma gaskiya ce zai faɗa.

"Ka ce ka rantse da Allah ba ka kai wa kowa labarin garin nan ba," in ji Liman.

Yaya ya yunƙura ya zauna, ya share jinin idonsa da gefen hannu.

"Malam, ban kai wa kowa labari ba. Amma ba zan rantse ba."

"Don me, ɗana?"

"Ba zan kafa shaida da Wanda ban tabbatar Yana ji ba. In na yi, na yaudare ku."

Na yi ta ƙwala masa kira. Na ce Yaya ka rantse, don darajar Inna ka rantse, ka faɗa da baki kawai. Na zage shi a gaban mutane, na ce masa mahaukaci mai taurin kai. Ko kallona bai yi ba. Su kuwa abin da suka ji shi ne ya ƙi rantsuwa, sauran maganar ba ta shiga kunnensu ba. Suka ture Liman gefe. Wani ya ɗaga gora da hannu biyu, Yaya ya kare kansa da hannun dama, na ji hannun ya karye kamar an taka busasshen kara. Wani ya ce a kawo fetur, na ga yaro ya ruga wajen mai sayarwa a kwalba.

Inna ce ta fito da jan gindi, don ƙafafun ba sa ɗaukarta. Ta ratsa tsakanin ƙafafunsu, ta kwanta a kan ɗanta, ta rufe masa kai da ƙirjinta. Sannan ta ce duk mai zuba man ya fara da ita. Suka tsaya cirko-cirko, babu wanda bai taɓa cin tuwonta ba a cikinsu.

Na fizge daga hannun matan, na cakumi wuyan rigar ɗan maƙwabcinmu.

"Kai, ni na goye ka. In kai namiji ne zo mu je gonar. In ba iri a ƙasa, ni zan ƙyasta ashanar."

Ya kau da kai gefe. Na gane tsoron wurin yake ji, duk da bindigar da ke rataye a kafaɗarsa, na kuwa faɗa masa haka a gaban yaransa. Dole ya biyo ni, Liman na binmu a baya da sanda.

Rana ta take, ƙasa na ƙona tafin ƙafa, sama fes ba ko ɗigon gajimare. Muna isa na ga sawun dundunniya a jere, layi bayan layi, yadda mai shuka ke rufe rami da ƙafa. Na durƙusa na tona da yatsu, sai ga ƙwayoyin gero a tafin hannuna, da zafinsu. Na matsa gaba na tona, akwai. Sungumin yana saƙale a reshen gawo, a nan yake ɓoye shi don kada Inna ta gan shi da shi ta san inda yake zuwa. Ya shuke gonar kaf, har wurin da ta faɗi. Ɗan maƙwabcin namu ya tona da kansa a wurare da dama, yana fatan ya sami rami ɗaya babu komai. Daga baya ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

Ba wanda ya zo ya ba mu haƙuri yadda ya kamata. Aka ce sharrin shaiɗan ne. Na ce shaiɗan bai riƙe gora ba, na san hannun da ya riƙe ta, na san uwarsa. Maɗori ya ɗora hannun, amma bai koma daidai ba, idon hagu kuma ya tafi ke nan. A kan hanyarmu ta dawowa daga gonar, Liman ya faɗa min wata magana da ta tsaya min a rai. Ya ce shi dai a ranar bai ga wanda ya ji nauyin sunan Allah kamar wanda ya ƙi rantsewa da shi ba. A lokacin ban so jin haka ba, bakina na zubar da jini.

Yana kwance yana jinya, ina gasa masa jiki, na tambaye shi abin da ya kai shi shuka a can.

"In ruwan ya zo, gara ya tarar da iri a ƙasa," ya ce.

Inna na gefe tana jan carbi. Ta ce, "Wa ya yi maka alkawarin ruwan?"

"Ba kowa, Inna."

"Ka ga hadari?"

"Ban gani ba."

"To," ta ce, ta ci gaba da jan carbinta. Ni da na yi ta haƙilo da baki ban kai inda wannan "to" ɗin ta kai ba, kuma na ji haushin hakan ma.

Ruwan ya zo, amma yayyafi ne. Ya jiƙa ƙasa daidai yadda geron zai tsiro, sannan ya ɗauke. Tsiron ya fito kore shar, rana ta bi shi ta ƙone shi tas. Na ɗauka shi ke nan. Sai ga Yaya wata safiya ya fito da ƙwaryar iri, hannu a ɗaure a wuya, ya ce in zo in riƙa zuba masa, shi zai sara da hagu. Na ce wallahi ba shi da hankali. Na ɗauki mayafina da butar ruwan sha na bi shi.

Muka yi ta aiki har rana ta karkata, shi yana sara, ni ina jefa iri ina rufewa da dundunniya, ƙasar a bushe kamar ta farko. Daga can cikin gari muka jiyo kiran azahar sama-sama. Ya jingine sungumin a jikin gawo, ya tsuguna, ya ce in zuba masa ruwa. Na zaci sha zai yi. Sai na ga ya miƙo hannun hagu yana wankewa, ya kurkure baki, ya shaƙa a hanci.

"Yaya, ka tabbatar ke nan?"

"Ban tabbatar ba."

"To wayon fa da ka ce ba za ka yi Masa ba?"

"Ba wayo a ciki. Na gaya Masa ban sani ba. In Yana ji, Ya ji."

Na zuba masa ruwa a ƙafafu. Ya miƙe ya fuskanci gabas a tsakiyar layukan da muka shuka. Da ya zo kabbara, hannun hagu ne kaɗai ya tashi, na daman ya tsaya a ƙirjinsa cikin tsumma. Ni ban bi shi sallar ba a lokacin. Na ɗauki sungumin na tsaya a bayansa, ina kallon hanyar da ta fito daga daji, ina sauraron ƙarar babur.