Duron Siddiƙu na Taloka

Siddiƙu ya dawo Taloka a shekarar da aka saki ruwan dam ɗin Goronyo cikin magudanai. Ya daɗe a wata ƙasa can kudu, yana aiki inda ake haƙo tagulla. Ni ne akawun kwamitin rabon filayen noman rani, ni na auna masa nasa.

Albasarsa ba ta da laifi. Duro ne ya dami mutane. Ya soke duron ƙarfe da sanda, ya kwantar da shi a bakin filin, ya haɗa shi da injin ban-ruwa. Yakan zuba duwatsu masu tauri, manya da ƙanana, ya ƙara ruwa. In duron na juyawa, manyan su faɗo kan ƙanana su farfasa su, su ma suna cinyewa, har komai ya zama laka. Rugugin har masallaci.

Aka fara cewa ya gano wani abu a ƙarƙashin fadama. A dokar kwamiti, fili na noma ne. Wanda ya yi haƙo, a karɓe. Aka tura ni.

Na same shi zaune, ya jingina baya da itacen da ke riƙe da duron, ido a rufe. Na yi sallama, bai amsa ba.

"Baba Siddiƙu, mi kaka niƙa?"

Matarsa Uwaliya, da ta kawo masa fura, ta yi dariya.

"Malam akawu, ko ka hau rimi ka yi kira, ba ya ji. Injin tagulla ya cinye mai kunne. Can, dutse ka niƙa dutse, shi ko yana tsaye gindinai. Yanzu wanga rugugi kaɗai ka shiga jikinai. In anka kashe, sai ya wuni awa mai zazzaɓi."

"Duwatsun fa, Inna?"

"Ragowar aikin dam. Je ka ɗiba, in kana marmari."

Na kusa yarda. Sai na hangi kwalba a ƙarƙashin tabarma, cike da gari kore shar. Ta lura da idona, ta ja tabarmar da ƙafa.

"Tsarabar ƙasar tagulla ta," in ji ta.

Na gaya wa kwamiti duka biyun, kurumtar da kwalbar. Suka yanke: ko duro, ko fili.

Siddiƙu bai yi gardama ba. Ya cire albasarsa, ya ɗora duron a amalanke, suka koma Lahodu wurin dangin Uwaliya, inda sai da damina ake noma.

Na bi filin kunya bayan kunya da sanda, ban sami rami ba. Lauwali, wanda aka ba filin, sai da ya haƙe shi har tsayin ƙugu kafin ya yi dashe. Laka ya tarar.

Duk da haka, in na bi ta Lahodu na jiyo rugugin, nakan rage gudun keke. Ban taɓa ganin wanda ya bar filin ruwa saboda ƙara ba, kuma ba a buɗe mini kwalbar nan ba.