Bututun da Ya Yi Ƙiba

Shekara talatin da ɗaya Don Eulogio Barrionuevo ya yi yana auna kaurin bututu a tashar nukiliyar da ke bakin koginmu. Ruwan zafi ta ciki yake cin ƙarfe, waje kuwa fes. Saboda haka duk sanda aka kashe tasha don gyara, sai ya bi ɗigon da ya yi wa kowane bututu, ya ɗora na'urarsa daidai wurin, ya gwada da awon bara. Taurin kai gare shi, kuma ba ya dariya sai in shi ya yi barkwancin.

Akwai wata kwana da bututun tururi ya yi. A ƙarƙashinta bencinmu yake, inda mu tara muke shan mate, shayin ganyen ƙasarmu, kullum ƙarfe goma, ƙoƙo ɗaya na zagayawa.

A gyaransa na ƙarshe kafin ritaya, awon kaurin ƙarfen wannan kwanar ya fi na bara.

"Tsoho, sa hannu mu tayar da tasha," in ji shugabarmu, injiniya Zulema Ferreyra. "An ma sayo naman walimarka."

"Ranki ya daɗe, ni ne ke ƙiba, ba ƙarfe ba."

Tolosa mai walda ya ce, "Na'urar ce ta tsufa, kamar mai ita."

"Kai kuma bakinka ne ya ƙi tsufa. Ɗauko tsani."

Ya ƙi sa hannu fau-fau. Aikin da muka ɗauka ya ƙare ya dawo ɗanye, muka yi ta zaginsa a bayan ido, har da ni. Da aka kankare fenti sai ga tsohon ɗigonsa. Ashe masu fenti ne suka shafe shi, suka ɗiga sabo can gefe, tazarar tafin hannu. Ya ɗora na'urar a wurin gaskiya. Ƙarfen bai kai kaurin kwabo ba.

Kwana huɗu aka yi ana yanka da walda, walima ta bi ruwa. Ran Juma'a ya ɗauki fulas ɗinsa ya hau bas, ba jawabi, ba tafi. Na ji kunya, amma ban bi shi ba.

Har yau a bencin muke shan mate. Sai dai babu mai zama bai fara ɗaga kai sama ba.