Gwaggo Tabawa da Idon Yaya Sale

Shekara tara ke nan da rasuwar Gwaggo Tabawa, yayar mahaifina, ungozomar da ta karɓi haihuwar yawancinmu a Birchi. Da ido ɗaya na san ta. Tana amarya ƙaiƙayin gero ya faɗa mata a na hagu wurin shiƙa, ya zama miki, aka yi ta ɗiga magungunan gida har idon ya fashe. Ba ta taɓa kai ƙorafinsa wurin kowa ba.

Bara da kaka, ganyen dawa ya karci idon babban ɗanta, Yaya Sale. Sai da ya kwana goma yana daurewa kafin ya iso gidana a Dutsin-Ma, idon na zubar ruwa, ga fari a tsakiyar baƙin. Na kai shi asibiti, aka tura mu babban asibitin ido. Likita ta ce mikin ya ci tantanin gaban idon, saura kaɗan ya huje, sai an yi masa faci. Da me? Da wani siririn tantani da ake cirowa daga mabiyiya, bayan mai jego ta amince, an gwada lafiyarta, an tsabtace shi.

Yaya Sale ya miƙe tsaye. "Abin da Inna take binnewa a bayan ɗaki, shi za a ɗinka mini a ido?"

Sai da ya kira wani malami a Kurfi ta waya, hankalinsa ya kwanta, sannan ya yarda. Aka yi aikin, idon ya tsira. Yana gani dishi-dishi, amma yana gane mutum daga ƙofar gida.

Tun ranar nake tunanin abin da Gwaggo za ta ce. Shekara arba'in tana wanke mabiyiya, tana rufe ta da addu'a, ashe maganin irin ciwon da ya cinye idonta ne a hannunta. Za ta yi dariya ne, ko za ta ce an taɓa abin da ba a taɓawa? Wallahi ban sani ba.

Ranar da aka sallame mu, Yaya Sale ya tsayar da likitar. "Likita, ita matar mai mabiyiyar, ta sauka lafiya? Jaririn fa?"

Ta ce ba a bayyana ko wace ce. Ya gyaɗa kai. Har yau, in ya idar da salla, yana sa su cikin addu'a, uwa da ɗa. A nan na ga Gwaggo. Allah ya jiƙan ta.