Yarinyar da Aka Sauke a Tashar Sokode

A shekarun da Lome ta rikice da yajin aiki da harbe-harbe, ina da shekara tara, muna zaune a Kpangalam cikin Sokode. An rufe lekol, wato makaranta, don haka kullum ina gindin kakata. Koko take sayarwa a tasha, kuma bayan magariba takan zauna bakin murhu tana tace gasarar gobe, mu jikoki muna kewaye da ita tana mana tatsuniya.

Manyan motoci sai shigowa suke daga kudu, maƙil da mutane da katifu. Wata rana wani direba mutumin Nijar ya kawo wa Kaka yarinya da ba ta wuce shekara shida ba. Ya ce tun daga Lome take cikin motarsa, kowa yana zaton ta wani ce, sai da fasinjoji suka watse aka ga ba mai ita. An kai ta wajen jandarma, an tambaye ta da Hausa da Tem da Faransanci, ba ta ce uffan ba. Kaka ta goyo ta har gida, mu kuma muka sa mata suna Baƙuwa.

Kwana goma tana cin abinci, tana barci a bayan Kaka, amma ko tari ba mu ji ta yi ba. In mota ta yi ƙara a titi sai ta shige ƙarƙashin gado.

Ran nan Kaka ta ce ga ta nan, muka ce ta zo mu ji ta. Ta kawo labarin da ba mu taɓa ji ba, na wata yarinya da yaƙi ya ci garinsu, ta fita neman uwarta. Ta je wajen bishiyar kuka, kuka ta ce ba za ta nuna hanya ba sai an faɗi sunan uwar. A nan Kaka ta tsaya, ta dafa goshi.

"Tsufa ya cuce ni, jikokina. Uwar nan ma mene ne sunanta?"

Muka yi ta jefa sunaye, tana girgiza kai. Can daga bayanta wata ƙaramar murya ta ce, "Zainabu."

Na buɗe baki zan yi magana, Kaka ta danne mini ƙafa. Ba ta waiwaya ba, ta ce lalle Zainabu ce, ta ci gaba da tace gasara. Yarinyar cikin labari ta je wajen kogi, shi kuma ya ce sai an faɗi inda ake kai ta da Sallah. Kaka ta sake mantuwa. A kwana uku, da wannan dabarar, muka san sunan Baƙuwa Hasiya, da Sallah kuma Dapaong suke zuwa, gidan kawunta mai gyaran rediyo. A tatsuniyar, yarinya ta iske uwarta tana daka a tsakar gida, suka rungume juna.

Kaka ta ba direbobin arewa saƙo. Bayan sati biyu kawun ya zo. Hasiya ta ruga ta riƙe rigarsa, tana leƙa bayansa. Shi ya gaya wa Kaka yadda abin ya kasance. An harbe mahaifin yarinyar a unguwarsu. A turmutsitsin tashar Lome uwar ta miƙa ta cikin mota, kafin ta hau da jaririnta motar ta tashi. Uwar ta bi wata motar har Dapaong tana zaton za ta iske ta a can. Ta yi kwana shida ba ta iya cin abinci ba, sai ta bar jaririn, ta juya kudu nema. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara jin ɗuriyarta.

Hanyar kudu ɗaya ce, ta tashar Sokode take bi. Kaka ta ce, "Ƙila ma na sayar mata da koko."

Da aka tafi da Hasiya na yi fushi, na ce wa Kaka ƙarya ta yi mana, tunda ba a ga uwar ba. Ba ta tsawata mini ba. Ta ce tatsuniya ce iyakar abin da take da shi, da ita ta kai yarinyar rabin hanya.

Sai da na haihu na gane nauyin maganar. Ba kowane ciwo ne mutum ke iya warkarwa ba, amma rabin hanya ya fi barin yaro a tasha. Bara na je Dapaong biki, na nemi Hasiya na same ta tana ɗinki a kasuwa, ƙanenta, jaririn nan, ya zama malamin lekol. Ta kira autarta, 'yar shekara uku, ta ce ta gaishe ni. Yarinyar ta durƙusa, ta faɗi sunanta, da sunan uwarta, da na ubanta, da unguwarsu, ba gargada. Hasiya ta ce duk 'ya'yanta da wannan suke fara magana.