Gwangwanin da Ya Iso Bayan Arba'in

Kwana uku bayan sadakar arba'in ɗin ƙanena, wani mai butik na kayan mota a unguwar Zango ya kira lambar marigayin. Telefon ɗin yana hannuna tun ranar da muka fito da gawarsa daga lopital, wato asibiti. Ban kashe shi ba, kullum da safe sai in jona shi a wuta, ban kuma san dalili ba. Na ɗauka. Mutumin ya fara magana da fara'a, ya ce saƙon nan ya iso daga Kano tun jiya, a zo a karɓa. Na ce masa mai telefon ɗin ya rasu. Ya yi salati, sannan ya tambayi me ya same shi. Na ce zazzaɓi ne, kwana biyar. Na maimaita wannan amsar sau da yawa a waɗancan makonni, har ta daina yi mini nauyi a baki.

Mu biyu ne maza a wurin Inna. Ni ne na fari, shi ne auta, da mata uku a tsakaninmu, duk suna gidajen mazajensu. Ni na yi karatu na zama malamin lakwal, wato makarantar boko. Shi kuwa tun yana aji biyar ya ajiye allo ya bi direbobi. Da ya samu tasa motar, bashe ce fara mai shan gazuwal, wato dizal, irin mai buɗaɗɗen bayan nan, sai ya riƙa ɗaukar gero da gyaɗa da mutane tsakanin Zermu, garinmu, da Damagaram. Gida ɗaya muke zaune a unguwar Kara-Kara cikin Damagaram, kowa da ɓangarensa. Ya fi ni surutu, ya fi ni abokai, kuma shi ya koya mini tuƙi a wani dogon hutu, yana zaune a gefena yana dariyar yadda nake riƙe sitiyari da hannu biyu kamar za a ƙwace mini.

Washegari da na tashi daga aji na hau kabu-kabu zuwa Zango. Mai butik ɗin ya yi mini ta'aziyya, ya miƙo ɗan kwali. Na buɗe a gabansa. Baƙin gwangwani ne na ƙarfe, bai fi na tumatir matsakaici girma ba, da bakuna biyu a samansa da ɗan famfo a gindi. Akwai tiyo na roba a naɗe, da lanƙwasasshen ƙarfe mai huda biyu, da zobban ɗaure tiyo a cikin leda.

"Mene ne wannan?" na tambaye shi.

"A inji ake sa shi. Shi marigayin ne ya gani a telefon, ya nace sai na samo masa. In ba ku da buƙata, Malam, ka bar shi nan, wani zai so."

Na ce a'a, zan tafi da shi. Har yau ban san me ya sa na ce haka ba.

Kwalin ya yi mako guda a kan teburin da nake gyaran takardun ɗalibai. Matata takan ɗaga shi ta goge ƙarƙashi ta mayar. Ina zuwa aiki, ina cin abinci, ina amsa gaisuwa. Mutane suna yaba haƙurina, har limamin unguwa ya ba da misali da ni wata rana bayan sallar la'asar. Ni kuwa na san ba haƙuri ba ne. Ban yi kuka a lopital ba, ban yi a maƙabarta ba, ban kuma danne komai ba, don babu abin da ya taso balle in danne shi. In na tuna shi sai in ji kamar ina tuna wani darasi da na haddace.

A layinmu akwai wani tsohon makanike, shi ya fara sa wa ƙanena kile, wato sifana, a hannu. Yanzu ya bar aiki, yanar ido ta rufe masa gani, hannunsa kuma yana rawa. Baba muke ce masa, shi kuma yana kirana Mushe, yadda ake kiran kowane malamin lakwal a nan. Wata yamma na kai masa kwalin a ƙofar gidansa. Ya zaro gwangwanin ya shafa shi da yatsu, ya busa ɗaya bakin, ya saurara.

"Ashe sai da ya sayo. Na ce masa iyayi ne, mu da muka yi shekara arba'in a aikin ba mu san shi ba. Ya ce in jira in gani."

"Aikin me yake yi, Baba?"

"Inji yana numfashi, Mushe. In ya yi zafi, tururin baƙin mai yana tasowa ta cikinsa. Akwai ɗan tiyo da ke kwashe tururin ya mayar ta hanyar da iska ke shiga, inji ya sake haɗiye shi. To man nan yana laftawa a hanyar, ya haɗu da baƙin hayaƙi, ya daskare kamar kwalta. Wannan gwangwanin a tsakani ake sa shi. Tururi ya shiga, man ya zauna a gindi, iska kaɗai ta wuce." Ya juya shi a hannu. "Ni idona ya tafi. In kana so a sa, kai za ka sa, ni in faɗa maka."

Muka tsayar da ranar Asabar.

Motar tana nan a ƙofar gida inda ƙanena ya ajiye ta ranar da ya dawo yana rawar ɗari. Da hantsi na ɗauko makullin, sai matarsa ta yi mini sallama daga bayan labulen ɗakinta. Tana cikin takaba, muryarta kawai nake ji.

"Yaya, na ji za ku taɓa motar."

"E, wani abu za mu sa mata."

"Don Allah in za ku tada ta, kada ku tada ta a ƙofar gida. Yarinyar nan ta san ƙararta."

Ɗiyarsu shekararta uku. Na ce to. Na kira maƙwabta biyu muka tura motar har ƙarshen layi, gindin wani dogon yaro kusa da duwatsu, inda hanya ta fara gangara. Ni na shiga na riƙe sitiyari. Hularsa tana kan kujera, da ledar dabino da ya ci rabi, da carbi a rataye jikin madubi. Na gan su, na san nasa ne. Ƙafata ba ta kai birki sosai ba, don ya fi ni tsawo, sai na jawo kujerar gaba.

Baba ya iso da sandarsa da tsohuwar jakar kayan aiki. Na ɗaga kapo, murfin gaban motar, na tokare shi. Ya sunkuya ya sa hannu cikin injin yana laluba, kamar mai neman abu a aljihunsa.

"Kawo hannunka." Ya kama yatsuna ya ɗora a kan wani gajeren tiyo da ya fito daga murfin injin ya shiga jikin babban bututun iska. "Shi ne wannan. Matse zoben da filaya ka ja shi baya, sannan ka murɗa tiyon. Kada ka fizga."

Zoben ya ja baya, amma tiyon ya ƙi motsi. Zafi ya gasa shi ya manne. Na murɗa hagu, na murɗa dama, Baba ya ce in sa bakin sukundireba a hankali in ɗaga gefensa. Da ya saki sai ya saki gaba ɗaya, hannuna ya daki wani ƙarfe. Na leƙa cikin tiyon, baƙi ƙirin, mai yana naso. Baba ya zura ɗan yatsa cikin bututun iskar ya fito da shi ya shinshina.

"Yaron nan da gaskiyarsa," ya ce.

Neman wurin da gwangwanin zai zauna shi ya fi cin lokaci. Baba ya ce dole ya tsaya a miƙe, kada ya kusanci inda hayaƙi ke fita don zafi, kuma hannu ya iya kaiwa gindinsa ranar da za a zubar da abin da ya tara. Na gwada kusa da batir, kapo ya ƙi rufuwa. Na gwada can baya, tiyon bai kai ba. A ƙarshe muka samu wani ƙusa mai zare a jikin bango na dama, wanda ke riƙe da wayoyi. Na kwance shi da kile mai lamba goma, na saƙala lanƙwasasshen ƙarfen, na mayar na ɗaure. Huda ɗaya ce ta dace, ɗayar tana lilo a iska. Baba ya girgiza gwangwanin da hannu ya ce zai riƙe.

Na auna tiyon na yanka shi biyu da wuƙar da na aro wurin mai shayi. Na tura ɗaya daga murfin injin zuwa gwangwani, ɗaya daga gwangwani zuwa bututun iska, na ɗaure zobba huɗu. Na ce na gama.

Baba ya bi tiyon farko da yatsa tun daga injin har bakin gwangwanin, ya tsaya.

"Akwai wani zane a nan, ina jin sa. Me aka yi?"

Na goge wurin na duba. Kibiya ce ƙarama a kan kowane baki, ɗaya tana nuna ciki, ɗaya waje. Na haɗa su a juye.

"Kai da kake koya wa ƴaƴan mutane karatu," ya ce. "Kwance. In ka bar shi haka numfashin zai toshe, man ya nemi hanya ta wani wuri."

Na kwance zobba biyu na sauya. Ina cikin ɗaurewa ya kama wuyan hannuna.

"Mushe, mene ne wannan mai danƙo? Ba mai ba ne."

Na duba. Fatar bayan yatsuna biyu ta ɗaye tun lokacin da tiyon farko ya saki, jini ya bi ta tsintsiyar hannu ya shiga hannun riga ya fara bushewa. Ban ji ba. Na tsaya ina kallon ciwon, ina jiran zafin ya zo. Baba ya ciro ƙyalle daga aljihu ya ce in ɗaure, na ɗaure, na ƙarasa zoben.

Batir ya yi sanyi bayan kwana hamsin da wani abu a tsaye. Maƙwabtan nan biyu suka sake turawa, na sa giya ta biyu a gangara na saki ƙafa. Ta yi tari sau biyu ta kama. Na zagayo na dawo gindin itacen na bar ta tana aiki, na sake ɗaga kapo. Baba ya ɗora tafin hannu a kan gwangwanin, ya bi kowane zobe yana neman inda iska ke tsira, ya karkata kai yana sauraro.

"Ya zauna," ya ce.

Sai ya janye hannunsa. Ya juya baya ya zauna a kan wani dutse, ya sa hannun riga ya rufe fuska, kafaɗunsa suna motsi. Tsoho mai shekara saba'in da wani abu. Na tsaya kusa da shi na ce, "Sai haƙuri, Baba," yadda aka yi ta ce mini. Idona yana kan bel ɗin injin yana juyawa, na lura gefensa ya fara tsagewa, na ce a raina sai an sauya shi.

Lokacin kaka ne, kuma babu wanda zai kwaso amfanin gonarmu. Daga wannan makon na riƙa zuwa Zermu kowace Asabar. Zuwan farko Inna ba ta fito ba sai da na kashe motar na shiga har tsakar gida na gaishe ta. Ba ta kiran sunana, kasancewar ni ne ɗan fari, kuma tun ina yaro maganarmu ba ta wuce gaisuwa da saƙo. Ƙanena ne mai zama kusa da ita yana ba ta labarin hanya har ta yi dariya ta kore shi. Ni sai in gaishe ta, in tambayi damman geron da za a ɗauka, in fita.

A zuwa na huɗu na tuna Baba ya ce in riƙa duba gwangwanin. Na ɗaga kapo a ƙofar gida, na tara wani tsohon gwangwanin madara, na murɗa famfon. Abin ya fito a hankali, baƙi mai kauri, da ɗan ruwa-ruwa a samansa. Bai kai rabin kofin shayi ba. Ina tsaye da shi a hannu ina neman inda zan zubar, sai na ji Inna a bayana.

"Me ke nan?"

"Baƙin mai ne, Inna. Wani abu ne da ya sayo wa motar, bai samu ya sa ba. Shi ke tara shi."

Ta matso ta leƙa cikin injin, ta daɗe tana kallon gwangwanin. Ta miƙa yatsa ta taɓa shi, ta janye don da sauran zafi.

"Kada a zubar," ta ce. "Gara ta fara cin ƙafafun rumbu."

Na ɗaure tsumma a kan kara na bi ta bayan gida. Na durƙusa na shafa wa ƙafar farko tun daga ƙasa, ita tana tsaye tana nuna mini inda garar ta yi hanya. Man ya ƙare a tsakiyar ta biyu. Saura huɗu.

"In ya sake taruwa a kawo," ta ce.

Na ce to. Na wanke hannu da toka, ta kawo mini fura a ƙwarya, ta zauna a kan turmi nesa kaɗan har na shanye. Sannan muka ɗora buhu bakwai na gyaɗa, na ɗaure da igiya, na kama hanya kafin la'asar.