Muciya da Kukan Kwamfuta

Ni ban iya rubutu ba. Ina faɗi ne, ɗiyata tana bugawa a kan kwamfutar da zan ba da labarinta. Ta ce in na yi kuka za ta dakata har in share hawaye, kuma na san za ta dakata ba sau ɗaya ba.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, mai gyaran injin jirgin ruwa ne a Wara. Rumfarsa tana bakin tafki, ni kuma ina gefe ina suyar kifi, tun ina da ƙarfin ɗaukar tulu har gwiwoyina suka fara ciwo. Ba ya kwance inji sai ya saurare shi. Yakan sa mai jirgi ya tayar, ya ɗora bakin dogon sukundireba a jikin injin, ya manna mariƙin a kunnensa, ya rufe ido. Sai ya matsa gaba kaɗan, ya sake saurara. Yakan ce wa masunta gaggawarsu ce take sa su sayi abin da bai lalace ba, don sai an san inda ƙara take fitowa kafin a san abin da ya kawo ta. Ban taɓa riƙe sifana ba, amma kunnena ya sha waɗannan ƙararraki har ya ƙoshi.

Da ya rasu na gama takaba, ɗiyata ta ɗauko ni zuwa Yelwa. Tana da ɗan shago a ƙofar gidansu, tana buga wa mutane takardu. A cikin kwamfutar shagon nan muryar Malam, maigidan nawa, take. Wata rana can baya ta ɗauke shi da wayarta yana aiki, yana tsokanata cewa gishirin kifina zai iya tayar da injin da ya mutu, yana dariya har da tari. Wayar ta faɗa ruwa daga baya, amma ta riga ta zuba muryar a kwamfuta. Nan kaɗai ta rage a duniya. Kullum in ciniki ya lafa bayan azahar sai ta kunna mini, in zauna a kan tabarma in ji shi, in yi kukana, in tashi da sauƙi a ƙirji.

Damina ta shigo, iska tana turo feshin ruwa ta tagar shagon. Na dubi akwatin kwamfutar a ƙarƙashin tebur, ba komai a jikinsa, kuma muryar mijina tana ciki. Raina bai ba ni ba. Na ɗauko gwadonsa na saƙi, wanda yake yafawa in sanyin tafki ya taso, na lulluɓe akwatin da shi. Ɗiyata ta yi dariya ta ce kwamfuta ba ta mura, amma ba ta hana ni ba. In za ta yi aiki sai ta yaye gaban, ta bar sauran yana rataye ta baya.

Bayan 'yan makonni kwamfutar ta fara kuka. Da farko ƙasa-ƙasa, kamar ƙudan zuma a cikin tulu, sannan ya yi ƙarfi har masu kawo takarda suna tambaya ko lafiya. Ɗiyata ta zargi janareto, amma da aka kawo wuta ƙarar ba ta canza ba. Wani malamin makaranta da ya zo buga jarrabawa ya ce tasa ma haka ta yi kafin ta mutu, duk abin da ke ciki ya tafi. Ya faɗa ne yana lissafin takardunsa, bai san abin da ya yi mini ba. Ranar ban iya cin tuwo ba. Na rasa Malam sau ɗaya, ga shi ana gaya mini zan sake.

Ɗiyata ta kira mai gyara, ya ce yana Kwantagora sai jibi. Ta ce za ta kashe kwamfutar har ya zo, don tana tsoron in ta tsaya kwashe muryar, kwamfutar ta ƙarasa mutuwa a hannunta. Na ce ta ba ni ɗan lokaci tukuna. Na shiga gida na ɗauko muciya busasshiya, wadda ban taɓa sawa a tukunya ba.

“Inna, mi za ki yi da muciya? Tuwo za ki tuƙa mata?”

“Kunna ta, ki yi mini shiru.”

Ta ce akwai wuta a jiki. Na ce shi ya sa ban ɗauko ƙarfe ba. Na durƙusa da ƙyar, na ɗora kan muciyar a gaban akwatin, na manna gindinta a kunnena, na rufe ido kamar yadda yake yi. Na tambaye ta ina muryar take kwana. Ta nuna mini wajen gaba, ƙasa-ƙasa. Na saurara a nan. Akwai motsi, amma mai laushi, ba gardama a cikinsa. Na matsa tsakiya, ƙarar ta ɗan ƙaru. Da na kai baya, can inda igiyar wuta take shiga, sai muciyar ta yi rawa a kunnena har haƙorana suka amsa.

Na daɗe a wurin, don na san wannan kukan. Na ji shi sau ba adadi a Wara, in jirgi ya bi ta kan tsohuwar raga, zaren ya naɗe farfela. Injin yana so ya juya, abu yana riƙe shi, yana karta yana saki. Ba kukan injin da cikinsa ya lalace ba ne. Na ce wa ɗiyata ciwon ba a ɗakin muryar yake ba, a bayan gida yake, kuma wani abu ne ya naɗe wani abu mai juyawa. Ta ce lalle akwai 'yar fanka a nan, cikin ɗan akwatin da yake raba wa sauran wuta.

Ta kashe, ta zare igiya, muka jawo kwamfutar fili. Da ta ɗaga gwadon sai muka ga gezarsa ta zube a gefe guda, zaruruwan sun shige ta ramukan bayan akwatin. Fankar tana ta jan su tun ranar da na lulluɓe ta. Na zauna daɓas a ƙasa. Ni da hannuna, da gwadonsa. Na yi kuka, ɗiyata tana dariya tana share mini ido da gefen mayafinta, ita ma nata idon ya cika.

Na so in sa tsinke in zaro zaren, ta hana ni, kuma ta yi daidai. Da mai gyara ya zo, dattijo ne mai furfura a gemu, ya ce wannan ɗan akwatin yana riƙe wuta a cikinsa ko an zare igiya, ba a tsokanarsa da tsinke. Ya ciro shi, ya zare zaren da ɗan hantsaki, ya busa dattin da ya taru, ya ce zafin da gwadon ya tara ma ya isa ya gajiyar da shi. Ya gaya mana akwai wani kukan daban, siriri kamar na sauro, ko mai tafe da ƙauri, wanda in an ji shi sai a kashe nan take a sauya ɗan akwatin gaba ɗaya. Namu na fanka ne kawai. Da ɗiyata ta ba shi labarin muciya ya ɗauka ya gwada a kunnensa, sannan ya ce, “Baba, wa ya koya miki wannan?” Na ce mai muryar da ke ciki.

Ya mayar, ya kunna. Sai iska kawai take fita, sumul. Ɗiyata ta danna, Malam ya fara dariyarsa game da gishiri, har da tarin.

Kafin mai gyaran ya tafi ya zuba muryar a wani ɗan abu kamar farce, suka sa mini a ƙaramin rediyo da nake ajiyewa kusa da matashina. Ɗiyata ta aika wa yayanta da ke Shanga ta waya, shi ma ya ajiye. Yanzu tana wuri uku, in ɗaya ya gaza akwai saura.

Gwadon na ɗinke gezarsa, ni nake yafa shi da safe. Muciyar kuma ba ta koma madafa ba, tana rataye a ƙusa a shago. Makon jiya injin hoton takarda ya fara wani ƙas-ƙas, ɗiyata ba ta kira kowa ba, ta leƙo cikin gida ta ce, “Inna, zo ki saurara mini wannan.” Na ajiye tsintsiya na tafi.